Noman tattasai: a gano ciwo kafin a ɗauki famfon feshi

A jihar Diffa ana yi wa tattasai kirari da «jan zinaren Manga», kuma ba banza ba. Daga Shetimari zuwa Geskeru har Bosso, a bakin kogin Komadugu Yobe, da shi ake biyan bashi, ake aurar da ƴaƴa, ake sayen hatsin da zai kai gida zuwa kaka. Yawancin busasshen tattasan yana ƙetarawa zuwa kasuwannin Najeriya, saura kuma ya bi hanyar Damagaram, Maraɗi da Yamai. A shekarar 2015, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, hukumomi sun hana cinikinsa saboda matsalar Boko Haram, sai a ƙarshen 2017 aka ɗage haramcin. Mutanen yankin sun ga yadda kasuwanni suka mutu a wannan tsakanin.

Sai dai akwai wata asarar da ba a jin labarinta a rediyo, wadda ke cin tattasai kowace shekara, a Diffa kamar a garaken Gulbin Maraɗi, Korama, Tarka da Majiya: ƙwari da cututtuka. Manomin da ya ci bashin iri, taki da man injin ban ruwa yana iya wayar gari ya tarar ganye ya nannaɗe, fure yana zuba. Abin da aka saba yi shi ne a garzaya kasuwa a sayo «magani mai ƙarfi». Sau da yawa kuɗin ne ke tafiya, ciwon yana nan, domin abubuwan da ke kashe tattasai sun fi goma, kuma kusan rabinsu maganin ƙwari ba ya taɓa su ko kaɗan.

Ganye ya nannaɗe: wa ya yi aikin?

Nannaɗewar ganye ita ce alamar da manoma suka fi kuka da ita, kuma ita ce ta fi ruɗarwa, saboda ƙwari daban-daban ne ke haddasa ta.

Na farko darɓa. Ana ganinta da ido a ƙarƙashin ganye da kan toho, kore ko baƙa, cunkushe wuri guda. Tana tsotse ruwan ganye, tana fitar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma, wanda baƙar funfuna ke hawa kansa har ganyen ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. Idan ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka, duba ƙasan ganye, wannan zaƙin suke bi. Darɓa ba ta jiran namiji kafin ta haihu, kuma ƴaƴanta suna fara haihuwa cikin kusan mako guda. Shi ya sa gonar da take tsaf ranar kasuwar nan za ta iya cika kafin kasuwa biyu masu zuwa.

Na biyu farin ƙuda, ɗan mitsitsi, wanda ke tashi kamar gari idan an girgiza shuka. Na uku tirips, siriri mai ɓuya cikin fure. Idan ya yi yawa ganye yana lanƙwashewa sama kamar kwale-kwale, fure ya zube.

Na huɗu shi ne ya fi yaudarar mutane, domin ba a ganinsa sai da madubin ƙara girma. Wani ɗan ƙanƙanin tautau ne da masana ke kira tarsonem, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Yana zama a kan sabon toho. Ganyen da ya taɓa yana lanƙwashewa ƙasa, ya tsuke, ya yi tauri, bayansa ya yi ƙyalli ruwan tagulla, ƴaƴan kuma su fito da kaushi kamar ɓawon itace. Ɗan'uwansa jan tautau ya fi shi girma kaɗan, yana son zafi da ƙura, yana barin ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa a ganye da ƴar saƙa a ƙarƙashinsa.

A nan ne kuɗi ke salwanta. Yawancin magungunan da suka cika kasuwanninmu na dangin piretrinoyid ne, irin su lambda-sihalotirin, sipermetirin da deltametirin. An yi su ne domin ƙwari, ba su cika kashe waɗannan tautau ba, amma suna kashe ƙananan halittun da ke cin su. Manomi ya fesa, bayan kwana goma ya ga abin ya ƙaru, ya ninka awo ya sake fesawa, tautau kuwa ya samu fili babu mai tsare shi. Abin da ke aiki a kansu shi ne farar wuta ko maganin da aka yi musamman dominsu, kamar abamektin.

Birus: wanda ya kamu ba ya warkewa

Ɓarnar darɓa da farin ƙuda ba ta tsaya ga tsotson ganye ba. Su ne ke ɗauko birus daga shuka mara lafiya zuwa mai lafiya, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓin cizon sauro. Alamarsa ita ce ganye ya yi dabbare-dabbare, kore mai duhu da mai haske, jijiyoyinsa su yi rawaya, ya ƙanƙance, shukar ta tsumbure, ƴaƴan su fito ƙanana a murɗe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar tattasai da tonka a Afirka ta Yamma, wanda ake taƙaita sunansa da PVMV, a ƙasar Ghana aka fara gano shi a farkon shekarun 1970, kuma darɓa ce ke yaɗa shi.

Abu biyu ya kamata kowane manomi ya riƙe. Babu wani maganin feshi, komai tsadarsa, da ke warkar da shukar da birus ya shiga. Sannan darɓa na iya zuba wa shuka birus cikin ƙasa da minti guda, da ɗanɗanon farko, tun kafin gubar da aka fesa ta kashe ta. Saboda haka feshi kaɗai ba ya tare wannan cuta.

Abin da ke rage ta shi ne a tuge shukar da ta nuna alama tun da wuri, a sa ta cikin buhu a fitar da ita daga gona a ƙone ko a binne. Da ciwo a tuge tushen da aka sha wahalar dasawa, amma tushe goma da aka cire a watan farko na iya ceton ɗaruruwa. A share ciyawar gefen gona da tsoffin tattasai da tumatir na bara da aka bari tsaye, domin a jikinsu cutar ke kwana daga shekara zuwa shekara. Layi biyu ko uku na masara ko dawa kewaye da gona, da aka shuka makonni kafin dashe, suna tare iska da ƙura, kuma darɓar da ta fara sauka a kansu tana goge birus ɗin da ke bakinta kafin ta isa tattasai. Akwai kuma wasu birus da ke bin hannu, kayan aiki da iri, don haka mai shan taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa dashe, kuma kada a ɗebi iri daga shukar da ta nuna ciwo.

Ciwon da ke ƙarƙashin ƙasa

Idan tattasai yana yaushi da tsakar rana alhali an ba shi ruwa, ya farfaɗo da yamma, ya ƙi girma, ganye ya yi fari-fari kamar bai sha taki ba, kuma abin ya kama wasu gurabe ya bar wasu, to a tuge tushe ɗaya a wanke saiwar. Idan aka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, nematod ne: wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu shiga cikin saiwa su toshe hanyar ruwa da abinci. A jikin tattasai ƙullin bai kai na tumatir girma ba, sai an duba da kyau. Masu bincike na cibiyar INRAN sun daɗe suna nuna cewa nematod na cikin manyan matsalolin tattasan Diffa, kuma dalilin a fili yake: gona ɗaya, tattasai ɗaya, shekara da shekaru. Mace guda tana ajiye ɗaruruwan ƙwai, kuma a ƙasa mai yashi da zafi zuri'a ɗaya na kammaluwa cikin mako uku zuwa huɗu.

Duk abin da aka fesa a ganye ba ya kai wa gare su. Maganin da a da ake barbaɗawa a ƙasa, karbofuran, wanda aka fi sani da Furadan, ƙasashen ƙungiyar CILSS sun haramta shi tun 2015 saboda haɗarinsa ga mutum, tsuntsaye da ruwan sha. Abin da ya rage, kuma shi ne ya fi ɗorewa, shi ne sauya shuka. Sai dai a lura: tumatir, yalo, gauta, kuɓewa, kankana da salati duk abincin nematod ne, sauya tattasai da su bai canza komai ba. Albasa, tafarnuwa, gero da dawa ne ke rage yawansu. A inda ake noman shinkafar ruwa, kwanciyar ruwa na tsawon watanni tana kashe da yawa daga cikinsu. Ruɓaɓɓen takin gargajiya da tunkuzar ƴaƴan bedi da aka cuɗa da ƙasa kafin dashe su ma suna taimakawa.

Akwai wani yaushin na daban, wanda shuka ke faɗuwa farat ɗaya tana kore shar. A yanke kara kusa da ƙasa, a tsoma bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a bar shi ba motsi. Idan bayan ƴan mintuna aka ga wani farin abu kamar madara yana saukowa zare-zare, bakteriya ce. Ita ma ba ta da maganin feshi. Tana bin ruwan ban ruwa daga fangali zuwa fangali, don haka a cire shukar da ƙasar gindinta, kuma kada a bar ruwan wurin ya wuce zuwa sauran gona.

Farin gari a bayan ganye

Da sanyi ya shigo, lokacin da tattasai ya ɗauki ƴaƴa, sai wata funfuna da ake kira oyidiyom ta bayyana. Daga sama ana ganin tabo rawaya a tsoffin ganyaye, idan an juya sai a ga farin gari a ƙasa. Ba kamar sauran funfuna ba, wannan ba ta buƙatar ruwan sama, raɓar dare ta ishe ta. Ganye ya yi ta kakkaɓewa, ƴaƴan su zauna a fili, rana ta ƙone su, tsinkar ƙarshe ta lalace. Maganin ƙwari ba ya yi mata komai. Farar wuta ita ce maganinta mafi araha, ga shi tana rage tautau a lokaci guda, amma sai an fara da ganin tabon farko, kuma a tabbatar ta jiƙa bayan ganye. Kada a fesa ta da zafin rana ko a kwanakin tsananin zafi, domin tana ƙona ganye.

Masu ɓata ƴaƴa

Tsutsar da ke huda tattasai ita ce dai wadda ke huda tumatir da auduga. Uwarta wani malam-buɗe-littafin dare ne da ke ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan fure da sabon ganye. Kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa, tsutsar tana waje, kuma lokacin ne kaɗai magani ke samunta. Da ta shige cikin ɗan tattasai, aikin gama ya gama. Ruwan bedi da maganin Bt, wanda aka yi da wata bakteriya mai kashe tsutsa kaɗai, suna aiki sosai a kan ƙananan, idan an fesa da yamma.

Ƙudan ƴaƴan itace shi ma yana soke tattasai ya zuba ƙwai, ɗan ya ruɓe daga ciki ya faɗi. Tsutsotsinsa suna fita su shige ƙasa su dawo ƙudaje. Barin ruɓaɓɓun ƴaƴa a gindin shuka kiwon ƙuda ne. A riƙa tsince su kowane kwana biyu ko uku, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne su a rami mai zurfi.

Akwai kuma lalacewar da babu ƙwaro ko cuta a cikinta. Baƙin tabo busasshe a ƙasan ɗan tattasai yana zuwa ne daga rashin isar sinadarin kalsiyom, kuma abin da ke jawo shi galibi ban ruwa ne mara tsari: yau ƙishirwa, gobe ambaliya. Zubar fure ma sau da yawa zafi ne, ko ƙishirwa, ko yawan takin ure. Takin ure da ya wuce kima yana sa ganye ya yi laushi da ruwa-ruwa, abin da darɓa ta fi so ke nan.

A pepiniyar ake cin yaƙin ko a faɗi

Dashen tattasai yana yin kusan kwana 40 zuwa 45 a pepiniyar. Wanda ya kamu da birus ko nematod a wannan lokaci ba zai taɓa ba da amfanin kirki ba, kuma shi zai kai ciwon cikin babbar gona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A zaɓi wurin da ba a yi tattasai, tumatir ko kuɓewa ba a shekarun baya, nesa da tsohuwar gona. Zafin watannin Afrilu da Mayu, da kowa ke kuka da shi, yana da amfani a nan: a kafce wurin, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai haske, a binne gefunanta, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe nematod, funfuna da irin ciyawa a saman ƙasa. Bayan shuka, a rufe pepiniyar da raga mai ƙananan ido a kan sanduna, a danne gefenta da ƙasa. Sangen da aka raba domin kare yara da mata masu ciki daga sauro ba na garka ba ne, a bar shi a ɗaki. Ranar dashe a duba saiwar kowane tushe, mai ƙulli ko mai nannaɗaɗɗen ganye a jefar. Mai sayen dashe a kasuwa shi ma ya duba saiwa kafin ya biya.

Bayan dashe, babban makami shi ne zagaye. Sau biyu a mako, da safe, a ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa, ana tsayawa ana juya ganye, ana leƙa toho da fure. Ɗan allo ko gutsuren jarka mai launin rawaya da aka shafa wa man giris yana kama farin ƙuda da darɓa mai fiffike, ya sanar da manomi isowarsu. A koyi gane abokai kuma: ɗan jan ƙwaron nan mai zagaye da ɗigon baƙi, shi da ƴaƴansa, darɓa suke ci dare da rana.

Bedi da ke ƙofar gida

Itacen bedi, ko dogon yaro, yana kowane gari, kuma ƙarfin maganinsa ya fi yawa a ƙwallon ƴaƴan. A tara nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare a daka. Awon da aka saba bayarwa shi ne giram 50 na garin a kowace lita ta ruwa, wato giram 750 ga famfon goyo mai lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ana maimaitawa kowane mako, kuma ba a ajiye wanda aka jiƙa.

Bedi ba ya zubar da ƙwari nan take, shi ya sa wasu ke raina shi. Yana hana su ci, ya hana su girma da hayayyafa. Yana aiki idan an fara da wuri, amma gonar da darɓa ta riga ta rufe ta fi ƙarfinsa.

Idan feshin zamani ya zama dole

Akwai lokacin da ba makawa sai an sayi magani. A Nijar, maganin da doka ta yarda da shi shi ne wanda kwamitin CSP na ƙasashen Sahel, mai mazauni a Bamako, ya tantance, kuma lambar amincewar tana rubuce a jikin kwalba tare da sunan shukar da ƙwaron da aka yi shi dominsu. Da yawa daga abin da ake sayarwa a kan tebur ranar kasuwa, ko ake ɗurawa a kwalbar da ba ta da takarda, bai bi ta wannan hanya ba. Piya-piya, wato diklorbos, ba maganin da za a fesa wa abin da mutane za su ci ba ne.

A karanta sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, domin kwalabe biyar masu suna daban-daban na iya zama abu ɗaya. Wanda ya yi ta maimaita dangi guda, ƙwarin da suka tsira za su haifi masu jure shi, kamar yadda aka gani ga farin ƙuda da tsutsar tumatir a ƙasashe da dama. A riƙa sauya dangi, a tsaya kan awon da aka rubuta, a daina haɗa magani uku ko huɗu a famfo ɗaya. A fesa da sassafe ko da yamma, ba cikin iska ba, da doguwar riga, wando, takalmi, safar hannu da abin rufe hanci. Yara su nisanci wurin. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gida ta zama ta mai ko ta ruwa, kuma kada a wanke famfo a kogi ko bakin rijiya.

Akwai kuma kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, waɗanda ake rubutawa DAR a jikin kwalba. Tattasai ana tsinkarsa sau da yawa a shekara, saboda haka wanda ya fesa yau ya tsinka jibi ya aika guba cikin tukunyar wani, wataƙila ma ta gidansa.

Shanya ma wani mataki ne. Tattasan da aka baza a ƙasa tsirara, raɓa ta jiƙa shi, ko aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, yana yin funfunar da ke fitar da gubar aflatoksin, mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. A ware ruɓaɓɓu da hudaddu, a shanya a kan tampol ko tabarma, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Jan tattasai mai tsabta ya fi daraja a idon ɗan kasuwa.

Manomin da ya ga alamar da bai gane ba yana da inda zai tambaya kafin ya kashe ko dala: malaman gona na gunduma, ma'aikatan kare tsirrai na jiha, da zaurukan manoma na RECA, waɗanda ke amsa tambayoyi ta waya da WhatsApp cikin harsunan gida. A ɗauki hoton ganyen sama da ƙasa, da ɗan tattasan, da saiwar bayan an wanke ta, a faɗi abin da aka shuka a gonar bara da abin da aka riga aka fesa. Da waɗannan bayanai ne mai ba da shawara zai iya cewa tautau ne, ko birus, ko ƙishirwa kawai.